Yadda Ake Fara Tuƙa Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu na Rimot

A cikin dukkan ƙananan jiragen da ake sarrafawa da rimot, mai saukar ungulu ne ya fi wuyar koyo, kuma ya kamata mai sha'awarsa ya san haka tun kafin ya sa hannu a aljihu. Jirgi mai fukafukai idan an saita shi daidai yana iya ci gaba da tafiya na ɗan lokaci ko da an saki rimot, jiragen ɗaukar hoto masu farfela huɗu kuwa suna da na'urar GPS da ke riƙe su wuri guda. Mai saukar ungulu na gaske ba ya tsayawa da kansa, a kowace daƙiƙa yana neman sulalewa wani gefe, kuma yatsun matuƙi ne ke dawo da shi. Wannan wuya ce ta sa aka daɗe ana wasa da sauran jiragen rimot kafin injiniyan nan na Jamus, Dieter Schlüter, ya yi nasarar ƙera wanda ke tashi yadda ake so a wajajen 1970. A yau na'urorin lantarki sun rage wahalar sosai, amma ba su kawar da buƙatar bin matakai bi da bi ba.

Mataki na farko: ka san abin da za ka saya

Babbar farfelar da ke saman jirgin idan tana juyawa zuwa wani gefe, gangar jikin jirgin takan nemi juyawa zuwa ɗaya gefen. Hanyar da aka bi wajen magance wannan ita ce ke raba jiragen gida-gida.

Akwai masu manyan farfela biyu a kan sanda ɗaya, ta sama da ta ƙasa, kowace tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta. Irin su Syma S107 ke nan, waɗanda ake sayarwa a shagunan kayan wasan yara. Tasha uku gare su, wato umarni iri uku suke karɓa daga rimot: sama da ƙasa, juyawa, sai gaba da baya, kuma da yawansu da hasken infrared suke karɓar umarni, shi ya sa suke rikicewa idan an fita da su rana. Suna da daɗin wasa a falo, amma kusan babu abin da suke koya wa mutum wanda zai amfane shi daga baya, domin ba sa karkata gefe, karkata gefe kuwa ita ce rabin aikin.

Na biyu su ne masu babbar farfela ɗaya da ƙaramar farfela a jela, masu tasha huɗu, waɗanda kusurwar fukafukan farfelarsu ba ta canzawa. Idan ana son su hau sai a ƙara gudun inji, idan ana son su sauka sai a rage. Suna da sauƙin gyara da arha, sai dai iska tana wahalar da su, saboda kafin inji ya rage gudu iskar ta riga ta ɗaga jirgin sama.

Na uku su ne masu tasha shida, waɗanda farfelarsu ke juyawa da gudu kusan iri ɗaya, hawa da sauka kuma ana yin su ne ta hanyar canza kusurwar fukafukan, kamar yadda jirgin gaske ke yi. Su ne ake gani a bidiyo suna tashi a kife. A da ba a ba sabon shiga shawarar farawa da su, amma yanzu ƙanana irin su XK K110 da OMP Hobby M1 da M2 da Goosky S1 da S2 da wasu jiragen kamfanin Blade suna zuwa da yanayin daidaita kai, wanda ke miƙar da jirgin idan an saki sandar dama. A ganina, wanda ya tabbata zai dage ya fara da ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan masu tasha shida. Nauyinsu kaɗan ne, saboda haka idan sun faɗo a kan ciyawa sau da yawa ba abin da ke karyewa, kuma abin da aka koya a kansu shi ne za a yi amfani da shi a kan manya. M1 da M2 da S1 da S2 suna da ƙarin fa'ida ɗaya: injin yana juya farfela kai tsaye ba tare da giya ba, don haka babu haƙoran giyar da za su zube a hatsari.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne farawa da babba. Ana kiran girman jiragen da lambobi irin su 450 da 550 da 700, kuma a ajin 700 kowane fiffike ɗaya ya kai kusan santimita 70, an yi shi da zaren kabon, yana juyawa sau dubu biyu ko kusa da haka a minti. Wannan ba kayan wasa ba ne. A 2013 wani matashi ɗan shekara 19, wanda ya ƙware sosai, ya rasa ransa a wani filin shaƙatawa na Brooklyn da ke birnin New York lokacin da jirginsa ya buge shi a ka.

Kafin ka biya kuɗi, ka duba abu biyu. Na ɗaya, ko kwalin yana ɗauke da rimot: idan an rubuta RTF akwai komai a ciki, idan kuwa BNF ne sai ka nemi rimot da ya dace da shi. Na biyu, ko ana samun kayan gyaransa. Tun da yawancin masu karanta wannan daga waje za su yi odar jirgin, kuma kaya kan ɗauki makonni kafin su iso, dabara ita ce a haɗa odar da fukafukai biyu ko uku na ajiya, da farfelar jela, da ƙafafun sauka, da sandar jela, da ƙaramar sandar ƙarfen nan da ke ratsa kan farfela tana riƙe fukafukan biyu, da batura aƙalla huɗu. Gara jirgi mai arha da jakar kayan gyara da mai tsada wanda zai kwanta wata biyu saboda ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe.

Mataki na biyu: rimot da aikin kowace sanda

Rimot na zamani yana aiki a kan zangon 2.4GHz, kuma ana ɗaura shi da jirgi guda ta yadda na wani ba zai shiga masa ba. Tsarin sandunan da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira Mode 2, kuma shi ya kamata ka zaɓa, domin yawancin darussan da za ka samu a intanet da shi ake yin su. A wannan tsari, tura sandar hagu sama ko ƙasa shi ne totur da hawa da sauka, tura ta hagu ko dama kuma yana juya hancin jirgin. Sandar dama ita ke karkatar da jirgin gaba ko baya, hagu ko dama.

Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne cewa sandar dama ba ta kai jirgi wani wuri, karkatar da shi kawai take yi, kuma muddin yana karkace gudunsa ƙaruwa yake yi. Ko an miƙar da shi, zai ci gaba da tafiya da ƙarfin da ya riga ya ɗauka, sai an ɗan karkatar da shi zuwa ɗaya gefen sannan zai tsaya. Wanda ya taɓa ɗora ƙwallon boris a kan faranti yana ƙoƙarin riƙe shi a tsakiya ya san yanayin: gyara kaɗan da wuri ya fi gyara mai yawa a makare.

Akwai kuma makunni guda da ya fi kowane muhimmanci, wanda ake rubuta Throttle Hold a kansa. Da zarar an kunna shi inji zai mutu ko ina sandar totur take. Ka nemo inda yake, ka saba da taɓa shi ba tare da ka duba ba.

Mataki na uku: manhajar koyo a kwamfuta

Duk wanda ke da kwamfuta, to ya fara tashi a cikinta kafin ya fita fili. Manhajoji irin su RealFlight da Heli-X da neXt da AccuRC suna kwaikwayon tashin jirgin sosai, kuma rimot irin RadioMaster TX16S ana haɗa shi da kwamfuta da wayar USB kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da manhajar wasan gem, a yi ta ƙoƙarin wulƙitawa a sama ana faɗuwa ana sake tashi. Amfaninta yana cikin yin abin da za ka yi a fili: ka tashi, ka tsaya wuri guda, ka sauka inda ka tashi. Minti ashirin kullum ya fi awa uku a rana ɗaya a mako, domin yatsu ne ake horarwa, su kuwa maimaici suke so.

Mataki na huɗu: batir

A nan ne ya kamata a daɗe, saboda batirin LiPo da waɗannan jirage ke amfani da shi ya fi jirgin kansa haɗari a cikin gida. Batirin yana ƙunshe da ƙananan sassa da ake kira sel, kowane sel ɗaya yana da volt 3.7 a rubuce, kuma idan ya cika yakan kai 4.2, ba a wuce haka. Rubutun 1S ko 2S ko 3S yana nuna adadin sel ɗin da aka jera, saboda haka 3S yana nufin volt 11.1 a rubuce, 12.6 idan ya cika. Dole ne a yi caji da caja ta musamman mai daidaita sel-sel, a kuma saita ta a kan ƙarfin da ya yi daidai da girman batirin: mai 2200mAh ana yi masa caji a kan amfiya 2.2, ya cika cikin kamar awa ɗaya.

Ba a shanye batirin LiPo ƙarƙaf. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce a yi amfani da kashi 80 cikin ɗari a bar sauran, wato idan an sauka aka auna, kowane sel ya nuna kusan 3.7 ko ɗan sama da haka. Wannan yana nufin tashi na minti huɗu zuwa shida ne kawai a yawancin jirage, don haka ka saita agogon rimot ɗinka a kan minti huɗu da farko, ka auna bayan ka sauka, sannan ka ƙara ko ka rage. Idan batir zai kwana biyu ko uku ba a yi amfani da shi ba, a mayar da shi 3.8 a kowane sel, domin ajiye shi a cike yana sa ya kumbura ya rasa ƙarfi.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa wannan magana nauyi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Yamai, barin batir a cikin mota a rufe ko a ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ganganci ne. Haka kuma, inda ba a kawo wuta sai cikin dare, akwai jarabar a jona caja a kwanta barci, abin da bai kamata a yi ba ko sau ɗaya. Yawancin cajoji masu kyau suna karɓar volt 12, don haka ana iya amfani da batirin mota ko na sola a yi caji da rana ana gani. A sa batirin a cikin tukunyar ƙasa mai yashi a ciki, a kan siminti, nesa da katifa da labule da jarkar fetur ɗin janareta. Batirin da ya kumbura ko ya huje ko ya lotse a hatsari ya gama aiki, a fitar da shi waje.

Mataki na biyar: doka da wurin tashi

Hukumomi ba sa bambanta jirgin sha'awa da sauran jirage marasa matuƙi yadda mai shi ke bambantawa. A Amurka ana yi wa duk wanda ya kai giram 250 rajista, kuma ba a wuce tsayin ƙafa 400, wato kimanin mita 120, iyakar da ƙasashen Tarayyar Turai ma suke amfani da ita. A Najeriya, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta bayyana cewa tayar da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma Gana ma tana buƙatar rajista a wurin tata hukumar. Saboda haka ka bincika matsayin jirgin da kake son saya kafin ka yi oda, kada kwastam su riƙe shi. A yankunan da ake fama da matsalar tsaro, abin da ke shawagi a sama yana iya jawo wa mai shi tambayoyin da bai shirya musu ba. Ka nisanci filin jirgin sama da barikin soja da gidan gwamnati da gidan yari, kuma idan filin makaranta ko na unguwa za ka yi amfani da shi, ka sanar da masu wurin da mai unguwa.

Ka nemi fili mai faɗi wanda babu wayoyin lantarki ko itatuwa kusa, ka fita da sassafe kafin iska ta taso. Yara za su taru, wannan ba makawa, shi ya sa yana da kyau ka tafi da wani babba wanda aikinsa kawai shi ne ya tsayar da su a bayanka. Kada ka tashi daga kan rairayi, domin farfela za ta tayar da ƙura ta shiga boris, maganaɗisun inji kuma yana jan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi. Shimfiɗa faffaɗan katako ko tsohuwar darduma ya wadatar. A lokacin hunturu ana buƙatar goge jirgin da buroshi mai laushi bayan kowace fita, kuma kada a shafa wa giyar da ke buɗe man shafawa, saboda idan ya haɗu da ƙura cinye haƙoran yake yi.

Mataki na shida: tashin farko

Tsarin kunnawa ba ya canzawa. Ka kunna rimot tukuna, sandar totur tana ƙasa, makunnin kashe inji yana kunne, sannan ka jona batirin jirgi, ka ajiye shi a wuri shimfiɗaɗɗe marar gangara ba tare da ka motsa shi ba na 'yan daƙiƙu har na'urar daidaitawa ta gama saita kanta. Wajen kashewa kuwa batirin jirgi ake fara cirewa. Kafin inji ya tashi, ka motsa sandar dama ka ga farantin da ke ƙarƙashin farfela yana karkata inda ka tura, ka kuma karkatar da jirgin da hannu ka ga farantin yana karkata saɓanin haka. Idan ya bi hannunka maimakon ya yi gardama, kada ka tashi, saitin a juye yake.

Ka sa hancin jirgin ya fuskanci iska, ka tsaya a bayan jelarsa da tazarar taku biyar ko shida, ka ɗan goce gefe kaɗan domin iska za ta riƙa turo shi wajenka. Ka ƙara totur a hankali har ƙafafun su yi sauƙi a ƙasa. A nan za ka ga yana neman zamewa hagu. Ba lalacewa ya yi ba: a yawancin waɗannan jirage babbar farfela tana juyawa ne irin juyin agogo, farfelar jela kuma tana tura jirgin hagu, shi ya sa idan ya tsaya daidai a sama za ka gan shi ya ɗan jingina dama. Kada ka yi ta gyara shi da sandar dama yana ƙasa, domin na'urar daidaitawa za ta tara umarnin ta kifar da shi.

Idan ka ji ya yi sauƙi, ka ɗaga shi da azama zuwa tsayin gwiwa ko ƙugu. Mutane da yawa sukan maƙale a ɗan taƙi ɗaya daga ƙasa don tsoro, alhali nan ne wuri mafi wuya, saboda iskar da farfela ke turawa ƙasa tana dawowa tana girgiza jirgin, kuma ba ta lafawa sai an haura kimanin faɗin farfelar. Ka tsaya daƙiƙa biyar, ka sauka, ka je ka ɗauko shi ka mayar wurin farko. Idan kana juya shi, hanci za ka kalla, domin tura sandar hagu zuwa hagu hanci take kaiwa hagu, jela kuma ta tafi dama.

Idan ya kuɓuce maka kuma ka ga faɗuwa ta tabbata, ka taɓa makunnin kashe inji kafin ya taɓa ƙasa. Yawancin ɓarnar hatsari ba daga faɗuwar take zuwa ba, daga injin da ke ci gaba da juya farfela a cikin ƙasa take zuwa. Kada kuma ka fizgo sandar hagu ƙasa gaba ɗaya a firgice, domin a jirgi mai tasha shida wannan yana juya fukafukan su danna jirgin ƙasa da ƙarfi.

Mataki na bakwai: fuskoki huɗu

Sai ka iya riƙe jirgin a cikin da'ira mai faɗin mita biyu har lokacin da ka saita a agogon rimot ya cika, jela tana kallonka, sannan za ka matsa gaba. Daga nan ka riƙa kai shi dama ka tsaya, ka dawo tsakiya, ka kai shi hagu, ka kai shi gaba ka dawo da shi da baya. Bayan haka ka juya shi kaɗan, kamar digiri 45, sannan ka cika 90 ta yadda gefensa ne ke kallonka, ka yi hakan ta ɓangarorin biyu. Kusan kowa yana da gefen da ya fi masa sauƙi, kuma gefen da ba ka so shi ya fi cancantar baturanka.

Ta ƙarshe ita ce hanci yana kallonka, inda dama ta koma hagu, gaba ta koma baya. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka tura sandar dama zuwa gefen da jirgin ya karkata a idonka, kamar kana tokare shi. Wannan fuska takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma mutane da yawa sukan tsallake ta su fara zagaye fili, sai ranar da jirgin ya juyo yana fuskantarsu su rasa abin yi. Ka fara ta a kwamfuta, sannan a fili ka yi ta a sama da tsayin kai kuma da nisa, domin ka sami sararin juya jela gare ka idan ka rikice. Yanayin daidaita kai kuma kada ka daɗe a cikinsa; da zarar tsayuwa wuri guda jela tana kallonka ta zauna, ka fara kashe shi, domin yana koya wa yatsu riƙe sanda a karkace, al'adar da za ta cutar da kai a kan jirgin da ba shi da wannan taimako.

Saiti da gyara

Idan jirgin ya yi maka zafin hannu, ka rage iyakar motsin sandar dama zuwa kashi 70, ka sa laushin tsakiya da ake kira expo kamar kashi 20 zuwa 30. A lura cewa a rimot ɗin Futaba lambar ragi ce ke kawo laushi, a Spektrum da masu manhajar EdgeTX kuwa lambar ƙari ce, kuma wanda ya juya su zai sami akasin abin da yake nema. Game da kusurwar fukafukai, ƙwararru suna amfani da digiri 12 sama da 12 ƙasa ko fiye, amma mai koyo ya taƙaita ta ƙasa zuwa digiri 2 ko 3, ya bar sifili a tsakiyar sanda, ya bar rabin sama yadda yake, domin wurin da jirgi ke tsayawa a sanda kada ya canza masa nan gaba. Iska mai zafi ko ta wuri mai tudu irin Jos ba ta da kauri, don haka jirgin zai buƙaci ɗan ƙarin sanda kafin ya tashi, batir kuma zai ƙare da wuri.

Bayan kowace faɗuwa, ko da ba ka ga abin da ya karye ba, ka cire batir ka bincika. Ka duba fukafukai ko sun tsage, ka zare ƙaramar sandar kan farfela ka mirgina ta a kan gilashi, idan ta yi rawa ta lanƙwashe. Ka motsa kowane servo, wato ƙananan injinan da ke karkatar da farantin ƙarƙashin farfela, ka saurari ko haƙoransa suna tsallake. Duk sukurun da ke shiga ƙarfe a sa masa ɗigon gam shuɗi mai hana kwancewa, amma kada ya taɓa roba domin yana farfasa ta. Fukafukai kuma a ɗaure su daidai wa daida, ta yadda idan an kwantar da jirgin a gefe ba za su faɗo da kansu ba sai an ɗan girgiza shi. Idan ka tayar da inji ka dubi farfela daga gefe ka ga layi biyu maimakon ɗaya, fiffike ɗaya ya fi ɗaya kusurwa, sai a juya sandar haɗinsa zagaye ɗaya a sake gwadawa, idan tazarar ta ƙaru a juya ta ɗaya gefen.